Jan Biro

Biro na huɗu ke nan da ya yi ɓatan dabo daga kofin da ke kan teburin Anti, kuma shi ma ja ne kamar sauran ukun. Shuɗin yana nan daram, ba wanda ya ko kalle shi. Anti ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ɗaga tabarma, ta zazzage kwandon kayan wasa, ba ta ga komai ba. Iya mai shara ta dogara da sandar goge-gogenta tana kallonta, ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin ɓarawo mai zaɓen launi ba, sai dai in aljanin ajin ne ya samu aikin malanta. Anti ta yi dariya, ta tafi aji na gaba ta aro wani.

Dole ta aro, domin aikin gidan renon ba ya tafiya sai da biro biyu. Kowane yaro yana da ɗan littafi mai bangon roba a jakarsa, ana ce masa littafin saƙo. Lokacin barcin rana, idan yara goma sha shida na ajin ƴan shekara uku sun kwanta, Anti takan zauna ta rubuta wa kowa nasa: abin da ya ci, barcin da ya yi, waƙar da aka koya. Wannan duk da shuɗi. Abin da ake so iyaye su lura da shi kuwa, zazzaɓi ne, cizo ne, ko yaro ya jiƙa wando, da ja ake rubuta shi. Iyaye su karanta a gida, su sa hannu, su maido da safe. Shugabar gidan renon ce ta zo da tsarin daga wani taron bita na kwana biyu, kuma tun daga ranar ba ta da zance sai na gadar da aka gina tsakanin gida da makaranta. Har allo ta sa aka kafa a bakin ƙofa, an zana hannu uku sun riƙe juna, na yaro da na uba da na mai reno, an rubuta MUTUNTA JUNA da manyan baƙaƙe. Anti ma tana son littafin. Tana da kyan rubutu, kuma ta san tana da shi.

A ajin akwai wata yarinya da kowa ya fi ta girma, yara suka sa mata Firit, sunan ya bi ta har gida. Baki gare ta kamar rediyo, da waƙa take shigowa da waƙa take fita. Wani lokaci wasa yakan ɗauke mata hankali ta jiƙa wando, kuma wannan ai ba labari ba ne ga ɗan shekara uku. Sauran iyaye sukan sa hannu su ƙaro wando a jaka, shi ke nan. Mahaifin Firit, wanda kowa ke ce wa Injiniya, shi ma yana sa hannu, amma a ƙarƙashin kowane jan layi yakan ƙara nasa rubutun, ƙanana reras kamar na inji. "An gani. Minti goma." Bayan kwana biyu, "An gani. Minti goma sha biyar." Anti ta ɗauka irin lissafin mutanen ofis ne da ba ya ƙarewa, ba ta tsaya tambaya ba. Abin da ta lura da shi kawai, rediyon ya fara rage murya. Sannan Firit ta tsiro da wata ɗabi'a: in aka jera yara zuwa banɗaki sai ta turje a bakin ƙofa, ta ƙanƙame ƙyauren da hannu biyu, ko jan ta aka yi ba ta shiga. Bayan rabin awa sai a ga tabarma ta jiƙe a ƙarƙashinta. Anti ta kira wannan taurin kai, ta kuma rubuta shi da ja.

Ranar da ta aro biron, yara sun kwanta, fanka tana juyawa, ta jawo littafin Firit ta buɗe. Tana cire murfin jan biron sai ta ji an kama mata yatsa. Yarinyar ce tsaye a gefen tebur, ko motsin tasowarta ba ta ji ba.

"Anti, kar ki sa ja."

"Saboda me, Firit?"

"In kin sa ja Baba zai rufe ni."

"A ina?"

"A banɗaki. Ya kashe wuta."

Ta faɗe shi ne kamar mai faɗin sunan ƴar tsanarta. Anti ta dubi shafin da ke gabanta, ta juya baya, ta sake juyawa. Minti goma, goma sha biyar, ashirin, ashirin da biyar. Yanzu ta gane abin da take ta kira taurin kai: ana rufe yarinya a banɗaki don ta jiƙa wando, tsoron banɗaki ya hana ta shiga na makaranta, sai ta sake jiƙawa, sai a sake rufe ta. Kuma a tsakiyar wannan kewayen akwai hannun da ke kai rahoto kullum ba fashi, hannun nan mai kyan rubutu. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta mayar da murfin biron, ta ɗora Firit a cinya har ta yi barci.

Da yamma ta tari Injiniya a bakin ƙofa, daidai ƙarƙashin allon. Mutum ne tsaf, ba ka ganin ƙura a takalminsa, yana gaida mai gadi kafin mai gadi ya gaida shi. Shi ne shugaban kwamitin iyaye, shi ya gyara famfon makarantar da hannunsa. Anti ta risina ta gaishe shi, ta ce ranka ya daɗe, ta zaɓi kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce yarinyar ta tsorata da banɗaki, in aka ɗan sassauta mata, ita ta yi alkawarin cikin sati biyu abin zai wuce. Ya saurare ta har ƙarshe, yana duba agogo.

"Malama, ƴaƴanki nawa?"

"Allah bai kawo ba tukuna."

"To."

Wannan "to" ɗin kaɗai ya ishe ta, amma bai tsaya nan ba. Ya ce shi a wurin aikinsa in bututu yana yoyo ba waƙa ake yi masa ba, ɗaure shi ake yi. Ya ce ta duba jikin yarinyar daga kai har ƙafa, in ta ga shatin bulala ɗaya ta kira masa hukuma, shi bai taɓa ɗaga wa ƴarsa hannu ba, ba irin waɗannan iyayen ba ne. Ya ce ba zai zauna a ce ƴar Injiniya tana zarni a cikin mutane ba.

"Ke rubuta, ni in gyara. Kowa ya tsaya a aikinsa, ai shi ne mutunta juna."

Ya nuna mata allon da makullin motarsa, ya ɗauki jakar, Firit ta bi shi a baya ba ta waiwayo ba.

Washegari Anti ta shiga ofishin Shugaba. Shugaba ta saurare ta tana danna waya, sannan ta tambaya ko akwai rauni. Babu. Ko yarinyar tana zuwa da yunwa? A'a, jakarta ta fi ta kowa abinci. Ko da datti? Ita ce ta fi kowa tsafta. To me Anti take so a yi? Shugaba ta ce su ba ƴan sanda ba ne, masu reno ne, kuma kowane gida da irin tarbiyyarsa, abu na farko da aka koya musu a taron bita shi ne kada a raina tsarin iyaye. Ta ƙara da cewa ruwan da Anti ta wanke hannu da shi yau ma albarkacin mutumin ne. Anti ta fito tana jin kamar ita ce ta yi laifi.

Saura uwar. Ranar Alhamis ce kaɗai take zuwa ɗaukar Firit, ranar da Injiniya ke zuwa duba aiki a bayan gari. A kamfanin waya take aiki, amsa kiran masu ƙorafi, kuma "yi haƙuri" ta zauna mata a baki har in ta taka dutse ma sai ta ba shi haƙuri. Anti ta ja ta gefe ta gaya mata komai. Matar ba ta yi mamaki ba, ta sunkuyar da kai tana wasa da zik ɗin jakar. Ta ce ta sani, ai tana gidan. Ta ce da farko takan tsaya a bayan ƙofar ta haska fitilar waya ta ƙarƙashi don yarinyar ta ga ɗan haske, ranar da ya kama ta sai ya ƙara minti goma, daga nan ta daina. Ta ce shi ma haka aka yi masa yana yaro, ga shi ya zama mutum, kuma wallahi yana son ƴarsa, shi yake zaɓo mata kaya. Sannan ta ɗago ta dubi Anti.

"Ki yi haƙuri, Anti, amma ai ke ce kike rubutawa. In bai ga ja ba, ba ya rufe ta."

Da haka uwa ta sauke kayanta a kan mai reno, ta kama hannun ƴarta suka tafi.

Anti ta ɗauka. Daga ranar littafin Firit ya koma shuɗi zalla. Ta sayo ɗan fo na roba, irin wanda ake zaunar da ƙananan yara, ta ajiye shi a bayan kabad ɗin littattafai inda hasken taga ke faɗowa. Rana ta farko Firit ta zagaya shi tana kallo, rana ta biyu ta zauna, ta tashi tana tafa wa kanta. In tsautsayi ya faru, Anti takan wanke wandon a famfon baya, ta rataya a gaban fanka, Iya ta bi shi da dutsen guga kafin a tashi. Iya ta ce ita da tsufanta an sa ta cikin ƙungiyar ɓarayi, Allah ya sa a gidan yari a ba ta gado na ƙasa saboda gwiwarta. Kwana tara aka yi haka. Rediyon ya dawo, har sai an ce ta yi shiru wasu su yi barci.

Abin da ba su sani ba, Injiniya ya sa wa kowane wando lamba a cikin ƙugu, da alƙalamin da ba ya gogewa. Mutumin da ke lissafa mintoci ba zai bar wanduna haka nan ba. Rana ta goma aka wuni ana ruwa, aka ɗauke wuta, ba fanka ba guga. Anti ta sa wa Firit wandon ajiya na makaranta, ta cusa jiƙaƙƙen a jakarta ita, ta rubuta da shuɗi cewa lafiya lau aka wuni. A gida Injiniya ya nemi wando mai lamba uku bai gani ba. Ya tambayi yarinyar, ita kuwa ba ta iya ƙarya ba tukuna.

Da safe aka kira Anti ofis. Injiniya yana zaune, littafin a buɗe a kan teburin Shugaba, Firit tana tsaye a gefensa, idanunta sun kumbura. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi abin da ya fi yi masa ciwo shi ne a koya wa ƴarsa ha'inci a wurin da ya kawo ta a koya mata gaskiya. Shugaba ta wanke Anti tas, ta ce ta karya gadar da aka sha wahalar ginawa, ta ci amanar iyaye, ta kuma shigo da fo cikin aji kamar a kasuwa. Ta sa aka fitar da fon aka jefa a shara. Ta ce daga yau ita da kanta za ta riƙa duba jakar Firit da littafinta kafin a tashi. Sannan ta buɗe durowa ta zaro sabon jan biro ta miƙa wa Anti, ta ce ta koma baya ta gyara duk ranar da ta ɓoye.

Anti ta ce sau biyu ne. Injiniya ya juya ya tambayi Firit, yarinyar ta ɗaga yatsu uku.

Anti ta riƙe biron tana jin nauyinsa. Ta gaya wa kanta cewa in ta ƙi za a kore ta, in aka kore ta wa zai kula da yarinyar? Hujja ce mai kyau, kuma kowa a ɗakin nan yana da tasa hujjar mai kyau. Ta sunkuya ta rubuta layi uku da ja, Firit tana kallon hannunta tun daga harafin farko har na ƙarshe. Aka ce ta ba Injiniya haƙuri, ta ba shi. Ya ce ya yafe, ɗan Adam ajizi ne. Washegari littafin ya dawo da amsarsa a ƙarƙashin layukan: "An gani. Awa ɗaya da rabi." Tun daga ranar Firit ba ta sake kama yatsan Anti ba.

Tun da manya sun kasa, yarinyar ta nemo wa kanta mafita. Ta daina shan ruwa. Da safe takan ɗauki gorarta ta je ta tuttule ta a tukunyar fulawar da ke bakin taga, ta dawo ta ajiye ta a jaka, fayau. In Anti ta kawo kofi bakinta sai ta damtse leɓe ta kau da kai. Madara ma ta ƙi, lemo ta ƙi, kankana ta ture. Ta daina gudu, ta daina tsalle, ta daina dariya, domin ta gano dariya tana sa abin ya zubo. Takan samu kusurwa ta zauna a kan dugaduganta, ta matse ƙafafu tun safe har yamma, tana ɗan rausaya gaba da baya. Leɓɓanta suka tsattsage. Fulawar bakin taga kuwa ta yi kore shar, har Shugaba ta yaba.

Anti ta rubuta da shuɗi cewa yarinyar ba ta shan ruwa. Amsa ta dawo: "Ta san abin da take yi." Bayan kwana huɗu ta ga abin ya wuce wasa, ta tuna ja shi ne abin da iyaye ke ɗauka da muhimmanci, ta rubuta da ja, da manyan baƙaƙe, cewa don Allah a kai ta asibiti, ba ta sha ba ta fitsari. Ta ɗauka ko dutse ne zai karanta ya gane. Da safe ta buɗe littafin. "An gani. Minti arba'in." Ashe ya daina karanta abin da aka rubuta tun tuni, launin kawai yake dubawa. Anti ta shiga banɗakin yara ta rufe kanta ta yi kuka, Iya ta tsaya a ƙofa tana kora yara da cewa ana wanki.

Sati uku cur Firit ba ta jiƙa wando ba. A taron iyaye na ƙarshen wata, Shugaba ta kira Injiniya ya yi jawabi a kan haɗin kai. Ya tashi ya gyara riga, ya ce shi da makarantar nan sun fuskanci ƴar matsala, sun kuma shawo kanta ba tare da bulala ko ɗaya ba, sai da tsari da gaskiya da mutunta juna. Ya ce har mai renon da ta yi kuskure a farko ta gyara, a tafa mata. Aka tafa wa Anti. Shugaba ta kira Firit gaba ta manna mata tauraro mai ƙyalli a goshi. Wata uwa ta ce wa ta kusa da ita dama nata ɗan ya yi hankalin yarinyar nan, dubi yadda ta zauna shiru. Lokacin da Anti ta sauko da ita daga kan kujera ta ji jikinta zau, ta gaya wa uwar. Uwar ta ce za ta ba ta maganin zazzaɓi, Anti ta yi haƙuri.

Ranar Litinin, lokacin barcin rana, Anti tana rubutu ta ji ƙaramar katifar ƙarshe tana karkarwa. Ta je ta tarar da Firit ta dunƙule, haƙoranta suna haɗuwa, hannunta ɗaya a kan kwiɓinta. Tana taɓa ta yarinyar ta banƙare, ta buɗe baki ba sauti, abin da ta riƙe ya ƙwace mata. Ya gangaro a kan farin zanen katifar, kaɗan ne, kuma da jini a ciki. Firit ta ɗago kai ta gani.

"Anti, ja ne."

Ta kama bakin rigarta ta shiga gogewa da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Goge. Kar Baba ya gani."

Anti ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ce wa Iya ta riƙe ajin, ta saɓi yarinyar a kafaɗa, ta finciko jakar, ta wuce ta gaban ofishin Shugaba da gaban allon, ta tsayar da tasi.

Likitar da ta duba ta mace ce mai gajiya a fuska. Ta ce ciwon mafitsara ne aka bari har ya hau ƙoda, da an ƙara kwana biyu da wani zancen ake yi. Ta tambaya tun yaushe yarinyar take riƙe fitsari, kuma me ya sa. Anti ta zaro littafin ta miƙa mata. Likita tana cikin juya shafuka Injiniya ya iso, Shugaba a bayansa tana haki. Tun daga ƙofa ya fara cewa dama ya daɗe yana zargin tsaftar banɗakin makarantar nan.

Likita ta ɗora yatsa a kan wani layi. "Minti arba'in na me?"

"Tarbiyya. Ki duba jikinta, likita. Ban taɓa dukanta ba."

Ta riga ta duba. Ta jawo takardar da ake cikewa in ana zargin an cutar da yaro, ta bi ta da ido. Akwai gurbin ƙuna, akwai na karaya, akwai na shatin duka, akwai na yunwa. Babu inda aka tanada don duhu. Ta ce za ta rubuta wani abu a gurbin ƙarin bayani, aka kira ta wani ɗaki da gaggawa, ta ajiye littafin a kan tebur ta fita. Shugaba ta ce a ƙa'idar makaranta littafin saƙo mallakar iyaye ne. Injiniya ya ɗauka ya sa a aljihu, daidai aljihun ya yi masa.

Kafin la'asar an sallami Anti daga aiki, saboda ta fitar da yarinya daga harabar makaranta ba da izini ba, ta kuma bar yara goma sha biyar a hannun mai shara. Iya aka ba ta gargaɗi a rubuce kan tsaftar banɗaki, banɗakin da Firit ta fi wata biyu ba ta taka ba. Da Anti ta koma kwashe kayanta, Iya ta ja ta bayan kabad ta nuna mata abin da ta tsinta a cikin wata tsohuwar ƴar tsana mai yagaggen ciki. Jan biro huɗu ne, an cusa su cikin audugar, an toshe da murfin kwalba. Wannan karon Iya ba ta yi barkwanci ba. Shugaba ta shigo ta gani, ta ce madalla, dama sabuwar mai reno za ta fara gobe. Ta gwada su ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunta, duk suna yi, ta zuba su a kofin.

Kwana uku bayan haka Anti ta je asibiti dubiya, ba ta san ko za a bar ta ta shiga ba. Uwar ce a bakin gado, ta matsa ta ba ta wuri, ta ce ta yi haƙuri da abin da ya faru. Injiniya yana tsaye a taga yana waya. Firit ta ƙara zama firit, an ɗaure hannunta ɗaya a jikin katako saboda sau biyu tana fizge allurar ƙarin ruwa. Uwar ta ce tun da ta ji an ce ruwa ne ke shiga jikinta ta hana kowa sakat. Ta ƙara da cewa baban Firit ya samo mata wata makarantar da ta fi waccan tsari, su ba sa ma jiran yamma, abu yana faruwa saƙo zai shigo wayar uba.

Anti ta durƙusa ta kira sunanta. Yarinyar ta dube ta, ta dubi hannun Anti na dama, ta mayar da ido kan silin.

Nan nas ta shigo da ma'aunin zafi. Ta sa mata a hammata, ta cire ta duba, ta ɗauko katin da ke rataye a ƙarshen gado. A aljihun rigarta akwai biro biyu, domin su ma da ja suke ɗiga zafin jiki. Tana cire murfin, Firit ta sandare a kan gadon, ta matse ƙafafunta.

"Ban yi ba," ta ce, muryar da ƙyar take fita. "Ban sha ba. Su ne suka sa mini."

Nas ta tsaya da biro a hannu, ta dubi uwar, uwar ta dubi ƙasa. Injiniya ya sauke wayar daga kunnensa, fuskarsa ta saki, irin ta mutumin da aikinsa ya yi kyau.

"Kin ji ko, Malama? Yanzu ko ba a gaya mata ba ta san daidai."

Ba wanda ya daki yarinyar nan, kowa zai iya rantsuwa a kan haka. Uban yana sonta, uwar ta ba da haƙuri, Shugaba ta bi ƙa'ida, likita ta cika takarda, mai reno ta rubuta gaskiya da kyakkyawan rubutu. Anti ta buɗe baki za ta yi magana, uwar ta taɓa mata hannu ta ce lokacin dubiya ya ƙare. Nas ta ɗiga jan ɗigonta a kan katin ta rataye shi, ta wuce gado na gaba. Har Anti ta kai ƙofa, Firit ba ta ɗauke ido daga kan katin ba, tana jiran ta ji minti nawa ne.